Wankan Jegon da Na Kai Guangzhou

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wadda ta zo yi min barka da dawowa sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya Binta, ya Chinar?" In na fara ba da labari, kafin in kai ga hawa jirgi wata ta yi sallama, a ce in koma farko. A Islamiyyarmu ta matan aure har malama sai da ta rufe littafi ta tambaye ni wai da gaske ne suna cin kwaɗi. Na gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar min maƙogwarona ya huta.

Da farko dai ba yawon buɗe ido na je ba, ba kuma sarin kaya ba. Wankan jego ne ya kai ni. Autata Nafisa tana aure a Guangzhou, mijinta Sadiƙu yana aikin loda wa 'yan kasuwa kaya zuwa gida. Haihuwar fari ce, kuma kowa ya san haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Mun shirya za ta taho Kano, sai jininta ya hau a watannin ƙarshe, likita ya hana ta shiga jirgi. Ta haihu a can, namiji, lafiya lau. Ni kuwa tun ranar barci ya ƙaurace wa idona. Yarinya ɗanya shataf a ƙasar da ba uwa ba gwaggo, wa zai gasa mata jiki? Abin da muka taso muka tarar shi ne, macen da ba a yi wa wanka ba, ko ta miƙe da ƙafarta ciwo na nan yana jiran ta a gaba, jiki ya kumbura, sanyi ya zauna a ƙashi. Ban haifi 'ya don in zuba ido hakan ta same ta ba. Na sa Sadiƙu a gaba da waya, safe da yamma, har sai da ya samo min biza.

Na haɗa surfaffen gero da kanwa ungurnu da yajin jego da daddawa da kuka da kilishi da man shanu. Na sa aka karyo min damin ganyen darbejiya daga bishiyar ƙofar gidanmu, na naɗe shi a tsohon zani. Babban ɗana ya ce, "Umma, ganyen nan fa ba za su bari ya shiga ba." Na ce da shi ganye ne, ba wiwi ba ne.

Daga Kano muka sauka Addis Ababa, muka yi zaman jiran jirgi har ƙafata ta yi nauyi. A nan Allah ya haɗa ni da Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi, mai sarin takalma, mace mai baki kamar rediyo. Da ta ji abin da ke tafe da ni ta yi min barka, da ta ji abin da ke cikin jakata kuwa ta kama haɓa.

"Hajiya, mi kika ɗauko haka? Wallahi mutanen can ba su barin nama, ba su barin ganye. Karnai gare su masu hancin tsiya."

Na ce Allah yana tare da mai gaskiya. Ta ce haka ne, amma karen bai san wannan ba.

Maganarta ce ta tabbata. Muna ɗaukar jakunkuna a filin jirgin Guangzhou wani ɗan kare mai dogon kunne ya taho, ya wuce jakar kowa, ya zo ya zauna a gaban tawa kamar an aiko shi. Ya kuma goga mata hanci, jakar da sallayata take ciki! Aka ja ni gefe. Wani saurayi mai safar hannu ya zuge jakar yana fito da kaya ɗaya-ɗaya. Kilishi ya tafi, man shanu ya bi shi. Da ya warware zanin ya ga darbejiya, bai ko dube ni ba ya jefa ta a wani kwandon shara mai murfi. Na ce, "Yaro, ka san daga inda ganyen nan ya taso?" Ya yi min murmushi ya ce wani abu. Kanwa ce ta tara mana jama'a, don sai da ya kira wasu biyu suka zo suna juya ta a hannu. Hajiya Rabi ta gutsura ta lasa, ta kwaikwayi mai juya miya da ludayi, sannan suka bar min. Daddawa kuwa ita ta ceci kanta. Yana buɗe robar ya ja da baya, ya rufe da sauri, ya yi min alama da hannu in kwashe in tafi.

Sadiƙu na bakin ƙofar fita yana jira. Yaro mai ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba, nan tsakiyar jama'a ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, 'yan China suna kewaye shi suna waiwaye. Muka shiga mota. Kada ku tambaye ni dogayen gidaje da gadoji, kun gan su a waya, kuma ni raina na kan darbejiyata. Abin da na lura da shi kawai, da muka shiga unguwarsu, kusa da titin Guangyuan inda ake sarin tufafi, kowa yana jan ƙullin baƙar leda a kan 'yar kura, ƙullin ya fi mai jansa girma, kuma ba mai yi wa wani sannu.

Gidan can ƙololuwar bene yake, sai da lif. Nafisa ta buɗe ƙofa ta faɗa jikina tana kuka, ni ma na yi. Ta rame, fuskarta ta yi fari. Na karɓi sabon maigidana na ƙare masa kallo, na ce da shi in dai wannan hancin ne na ubansa to ni na fasa auren. Sannan aka ce in zo in ga ɗakina.

Rabin ɗaki aka ba ni. Ɗaya rabin wani ɗan ɗakin katako ne ya cinye shi, mai ƙofar gilashi, kamar shagon mai gyaran waya. Ciki akwai benci, da wani kaskon lantarki da aka tula wa duwatsu, da ɗan guga da ludayin katako. Na ce wannan fa? Sadiƙu ya washe baki ya ce, "Umma, sauna ke nan." Na dubi akwatin, na dubi mai akwatin, na haɗiye abin da ya zo min baki, don suruki ne.

Wai wani attajirin Abuja ne ya sa a sayo masa, daga baya ya canza ra'ayi. Sadiƙu ya shiga sau ɗaya don gwaji, shi ke nan ƙauna ta shiga. A kunna shi ya ɗau zafi, mutum ya shiga ya rufe ƙofa, ya riƙa ɗiban ruwa da ludayi yana zuba wa duwatsu, tururi na tashi, gumi na zuba. Na ce ashe surace ne. Ya ce ai ya wuce surace, yana fitar da dattin jiki, yana sauke gajiya, yana maganin ciwon baya, yana sa barci. Da na bar shi, da har talauci zai ce yana magani.

Ga inda takaicin yake. Kullum in ya dawo daga aiki ya yi Magariba, sai in ji gyaran murya a bakin ƙofata. Ma'ana in tattara carbina in fita, surukina zai shiga ɗakin da nake kwana daga shi sai tawul. In koma ɗakin Nafisa in juya wa ƙofa baya har ya wuce. Ran Lahadi kuma abokansa ne ke zuwa, 'yan Kumasi da 'yan Maraɗi, su yi layi a falo kamar masu jiran allura. In sun gama in dawo in tarar da ɗaki ya yi ɗumi, yana warin gumin maza. A nan zan kwanta, mace da jikoki.

Washegarin zuwana na ce a kawo tukunyar wanka. Nafisa ta nuna min butar lantarki da ko alwalar mutum biyu ba za ta yi ba. Na ce itace fa? Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Na gwada dafa ruwan buta-buta ina juyewa a baho, kafin ta huɗu ta tafasa ta farko ta huce. Banɗakin kuwa in ka miƙa hannu ka taɓo bango. Na sa turaren wuta don ko ƙamshin jego gidan ya yi, sai wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu, masu gadi biyu suka hau da gudu da jar tukunyar kashe gobara. Sadiƙu ya yi ta ba su haƙuri da yarensu.

Na sa Hajiya Rabi ta raka ni neman ganye da babbar tukunya. Mun zaga kasuwar Zhanxi wajen masu takalma saboda nata sarin, mun gangara wajen masu magungunan gargajiya, ina nuna hoton darbejiya a waya. Duk wanda aka nuna wa sai ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu. Ita ce kalmar da na fara koya a ƙasar, kuma ita na fi ji. Garin da ake ƙera komai na duniya, a ce babu ganyen da akuya take ƙi a ƙofar gidana.

Akwai wata tsohuwa a ƙofar da ke kallon tamu, Nafisa na kiranta Ayi, kamar dai a ce gwaggo. Ita ma ashe tana da nata ra'ayin a kan mai jego, kuma ba ta san kara ba. In ta shigo ta ga taga a buɗe sai ta rufe. In ta ga Nafisa ba safa sai ta yi ta faɗa tana nuna ƙafar. Su a al'adarsu mai jego wata guda take yi a kulle, ba iska, ba ruwan sanyi, ba wanke kai, in za ta goge jiki sai da ruwan ɓawon citta. Na ce to ashe ko'ina tsofaffi sun san sanyi ne abokin gabar mai jego, aƙalla a nan mun haɗu. Rannan sai ga ta da tukunyar ƙasa tana tururi, baƙin romo mai tsami da citta da ƙwai, tana ta murna. Na leƙa na ce wannan ai ƙauri ne irin namu. Nafisa ta matso ta raɗa min cewa ƙafar alade ce. Na yi salati na saki murfin. Nafisa ta yi mata bayani a hankali, tsohuwa ta ɗauke tukunyarta tana gunguni. Na ce shi ke nan mun ɓata. Sai ga ta washegari da ɗanyar citta cike da leda da busasshen dabinonsu ja, ta nuna min yadda ake dafa su da kaza.

Lokacin damshi na je. Bango na gumi, madubi na gumi, in ka shanya kayan jariri yau, jibi ma da laimarsu. Nafisa ce ta nuna min dabara, ta ce in Sadiƙu ya fita a kunna ɗakin katakon a baza kayan a benci, nan da nan sun bushe. Ta nuna min maɓallin kunnawa da na ƙara zafi. Na ce yau dai akwatin nan ya yi rana. Da na ga daddawata ta fara furfura saboda damshi, ai sai na baza ta a tire na saka ita ma, na ƙara wuta, na ja ƙofa.

Ta bushe ƙarau, ba laifi. Sai dai katako ya sha warinta. Da Lahadi ta zo wani Isuhu, abokin Sadiƙu ɗan Maraɗi, ya shiga, bai daɗe ba ya fito yana shinshina damtsensa.

"Sadiƙu, mi ya samu ɗakin ga? Wallahi ji nike kamar an tsoma ni cikin miyar kuka."

Sadiƙu ya wanke katakon da sabulu, ya goge da lemon tsami, ya fesa turare. In aka kunna sai daddawa ta ce ga ta nan. Bai taɓa ce min uffan ba. Sai dai in ya wuce ya dubi ɗakin kamar mai kallon mara lafiya.

A wajen shanyar nan ne wata rana na ce bari in ji abin da suke ji. Na ɗaura zani na shiga na zauna, na zuba wa duwatsu ruwa. Tururi ya buge ni, zafi ya ratsa ni har gwiwar da ta daɗe tana damuna. Nan na tuna gadon ƙasa na kakata, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa mai jego ta kwanta a kai. Na ce Binta, kin tsallako duniya kina neman itace da tukunya, ashe abin da kike nema a gefen gadonki yake kwana. Da babu gara ba daɗi.

Da yamma na tari Sadiƙu a falo. Ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai.

"Malam, ɗakin nan naka, ina so yarinyar nan ta riƙa shiga da safe. Shi zai zame mana wankan."

Ya murza gefen kafet. "To Umma, ai duk yadda kika gani. Sai dai kamar likita ya ɗan yi wata magana a kan zafi, da dai an ɗan jinkirta."

"A jinkirta zuwa yaushe? Sai an yi arba'in jiki ya rufe da sanyi a ciki?"

"A'a Umma, ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi?"

"Babu komai, Umma. Allah ya ƙara girma."

Ku da kuke karantawa ku gaya min, wannan hani ne? Mutumin da yake iya yini yana ciniki da ɗan China da yaren da ba na uwarsa ba, ya kasa ce wa surukarsa kada a yi. Nafisa ita ta fi shi ƙoƙari, ta ce, "Umma, likita fa ya ce jinina bai gama sauka ba, in guji zafi da gishiri." Na ce kanwa ai ba gishiri ba ce, kuma likitan China me ya sani a kan jego? Na haifi bakwai, kowanne sai da aka gasa ni, ga ni nan garau. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ta dube ni, ta dubi ƙafata da har lokacin ba ta gama saɓewa daga zaman jirgi ba, ta ce, "To Umma." Daga baya ta gaya min ta kasa musa min ne saboda nisan da na taho.

Muka fara. Da safe in Sadiƙu ya fita in dama kunun kanwa mai kauri ta sha, in kunna ɗaki ta shiga, ni ina bakin gilashi da maigidana a kafaɗa ina cewa ta ƙara wa duwatsu ruwa. Ta fito jiƙe sharkaf in lulluɓe ta. Raina ya yi fari, na ji na zama uwa. Har waya na yi gida na ce a kwantar da hankali, an samu hanya.

Bayan 'yan kwanaki na ga ƙafarta ta ɗan tasa, in na danna sai yatsa ya bar gurbi. In ta je kicin ta dawo sai ta zauna tana haki, in za ta kwanta sai ta tara filo a baya. Ni kuwa abin da aka koya min shi ne kumburi alamar wuta ba ta isa ba ce. Don haka na ƙara kanwa a kunu, na ƙara zafin ɗaki, na ƙara mata zama a ciki.

Ranar wata Talata da hantsi, tana ciki, na juya in canza wa yaro kunzugu. Sai na ji ƙum, kamar an yar da buhu. Na waiga na hango ta ta zame daga benci, kanta ya jingina da gilashi, idonta a kafe. Ban san lokacin da na dire yaron a gado ba. Na fizge ƙofar, na kama ta ta hammata na jawo ta waje, jikinta zafi kamar gurasar da aka ciro daga tanderu. Ina kiran sunanta, ina yayyafa mata ruwa, numfashinta na fita da wani irin kurari. Na ɗau waya, na kasa nemo lambar Sadiƙu. Ban san lambar asibiti ba, ko na sani me zan ce musu? Tsoron da na ji a wannan lokaci ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da mahaifinsu ya rasu.

Na fita ba mayafi na dinga dukan ƙofar Ayi da hannu biyu. Ta buɗe, ta dubi fuskata, ba ta tambayi komai ba, ta biyo ni. Da ta ga Nafisa a ƙasa da ɗakin katako a buɗe yana huci, ta juyo ta zazzaga min masifa da yarenta, ban ji kalma ɗaya ba amma na fahimci duka. Tana faɗan tana waya, tana nuna min in tallafo ta zaune. Ita da ke rufe taga kullum, ranar da hannunta ta wangale su duka. Ita ta saɓa jaririn ta biyo mu cikin motar asibiti da silifas ɗin ɗaki.

Sadiƙu ya same mu a can, fuskarsa kamar toka. Aka daɗe kafin wata likita ta fito, 'yar ƙarama, ba za ta girmi Nafisa da yawa ba. Ta yi tambayoyi, Sadiƙu na amsawa kansa a ƙasa. Sai ta ɗaga murya ta yi magana mai tsawo, tana nuna ƙirji, tana nuna ƙafa, tana kallona.

"Me ta ce?"

"Ta ce da sauƙi, Umma. Gajiya ce."

"Duk wannan doguwar maganar gajiya ce kawai? Sadiƙu, dube ni." Ranar na fara kiran sunansa a gabansa. "Kunyar nan taka ta kusa kashe min 'ya. Ka faɗa min abin da ta ce, yadda ta faɗe shi."

Sai ya faɗa, yana hawaye. Ta ce zuciyar Nafisa ce ta gaza, ruwa ya taru mata a ƙafa da huhu. Ta ce mai hawan jini da ta haihu kwanan nan, zuciyarta a gajiye take, an ɗora mata zafi, an ɗura mata kanwa mai riƙe ruwa a jiki. Kumburin da na gani ba kiran wuta yake ba, kiran asibiti yake. Ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan da wani zancen ake. Ta kuma tambaya, wai a gidan babu wanda ya ji abin da aka gaya musu tun ranar da aka sallame ta bayan haihuwa?

Akwai mana. Mutum biyu sun ji, ɗaya kunya ta rufe masa baki, ɗaya biyayya, ta ukun kuma an gaya mata ta ce ta haifi bakwai. Har yau in na tuna haushin mu ukun nake ji, kuma ban ware kowa ba.

Nafisa ta yi kwanaki a asibiti, an sa mata robar iska a hanci, ana ba ta maganin da ke fitar da ruwa. Ni da Ayi muka riƙe yaro, ba mai jin yaren wata, muna faɗa a kan safa da hula kamar mun shekara tare. Ranar da aka sallamo ta na kwashe sauran kanwar na zuba a shara da hannuna, kanwar da aka tara min jami'ai uku a kanta. Sadiƙu ya zare wayar wutar ɗakin katakonsa daga bango ya naɗe. Na ce ya mayar, ɗakin bai yi laifi ba, shi lafiyarsa ƙalau ya ci gaba da dafa kansa, amma ya bari sai na tafi.

Sauran kwanakin wanka na yi mata, amma irin wanda ake yi wa jariri. Ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɓawon cittar Ayi, in gwada da gwiwar hannu, in zaunar da ita a kujerar roba in cuɗa mata baya a hankali. Miya ba gishirin kirki, ba daɗi, haka muka ci tare don kada ta ci ita kaɗai. Kullum da safe kafin in amsa gaisuwarta sai na danna ƙafarta. Ranar da na danna naman ya taso bai bar gurbi ba, na shiga ɗaki na yi sujada a gefen akwatin nan mai warin daddawa.

Na taho bayan arba'in. Ta rako ni har mota da ƙafarta, da goyonta, da takalmin da a da ya ƙi shigarta. Likita ta ce za ta daɗe tana shan magani, kuma kada ta yi gaggawar wani cikin. Ayi ta cusa min ledar citta a jaka, na ce mata "sheshe", wato na gode, ta kaɗa hannu tana gunguni ta koma ciki.

Washegarin saukata yayar mahaifinsu Nafisa ta zo, wadda duk dangi ake jin tsoron bakinta. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "To, an dai yi wankan yadda ya kamata ko?"

Zuciyata ta ce in ce an yi, a wuce wurin, wa zai je China ya bincika? Sai na ce ba a yi ba, an fara, ya kusa kai ta lahira, aka bari.

Ta tafa hannu ta yi salati. "Wato duk wannan tafiyar, ɗanya kika baro yarinyar?"

Na ce, "Ɗanya na baro ta, Yaya. Gara min ɗanya a ɗakin mijinta da gasasshiya a kushewa."

Ta ɗauki mayafinta ta fita ba sallama, kuma har yau ba ta sake tako gidan nan ba. Nafisa kuwa ɗazu da safe muka yi waya, yaron yana ta ihu a bayanta, ta ce in yi haƙuri za ta kira ni anjima, tana hawa matakala ne lif ɗinsu ya lalace.